Tabon Turare a Kan Takardar Haraji

Kwana talatin da uku ke nan da haihuwar Bushira, kuma tun da aka kawo ta wankan gida Karaye ta ƙasar Maiyama ba ta taka ko dokin ƙofar zaure ba. Gwaggo, ƙanwar mahaifinta wadda ta rene ta, ita ke riƙe da wankan, kuma ba ta san wasa ba. Ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa cike da kwano, auduga a kunne, safa a ƙafa, ko da kuwa zafin bazara na neman dafa mutum a tsaye.

Da hantsin wata Juma'a, tana zaune a ƙofar ɗaki tana ba jinjirarta Amira nono, sai ta ji mota ta tsaya a waje. Aka yi sallama, muryar Labbo ce, wan mijinta Maccido. Ta san ba lafiya ba, don Labbo ba mutum ne da zai baro Aliero ranar kasuwar Jega haka kawai ba. Kwana tara ke nan da Maccido ya bi tirelar albasa, tasa da ta maƙwabtansa shida, zuwa wani gari na bakin teku, can bayan iyakar ƙasa biyu.

Labbo ya tsuguna a gefen tabarma, ko gaisuwar bai ƙarasa ba.

"Gwaggo, kwantar da hankalinki, ba rasuwa anka yi ba," ya ce. "Maccido ya bugo mini waya da asuba. Kwana uku ke nan motar na tsaye bakin ofishin harajin garin, ba a bari an sauke ko buhu guda ba. Wai baƙon ɗan kasuwa sai ya nuna shaidar yana biyan haraji ƙasarsu. Takardu uku suke so, a tura musu ta faks, yau kahin ƙarhe huɗu agogonmu. In sunka tashi aiki sai Talata, don Litinin hutu gare su."

"Mi ne ne kuma faks?" in ji Gwaggo.

"Na'ura ce mai aika hoton takarda ta layin waya," Bushira ta ce a hankali. Amma hankalinta ba ya nan. Ta san albasa. Albasa ba gero ba ce da za a ce ta jira. Wadda ta yi kwana tara cikin buhu a ƙarƙashin tamfol, a garin da iskarsa ke da danshi, in ta kai Talata sai dai a ga ruwa na tsiyaya daga gindin mota. Wata biyar Maccido ya yi yana kwana yana tashi a fadama saboda wannan albasa. Da ita za su ci shekara, da ita kuma za a rufe ɗakinsu da kwano kafin damina, ɗakin da bara ya riƙa yoyo daidai kan gado, inda nan da mako guda za ta koma da Amira.

"Na birkice kayan Maccido duka ban ga takardun ba," in ji Labbo.

"Suna cikin akwatina, Yaya. Ni na ajiye, don gara."

"To ba shi makulli shi tahi," Gwaggo ta ce.

Labbo ya sosa ƙeya. Shi dai allo ya sani, boko kuwa ko sunansa aka rubuta ba ya ganewa, matarsa ma haka. Bushira ce ta gama sakandare a gidan. Ta ce takardun sun fi ashirin, na bana da na bara da na bara waccan duk kamanninsu ɗaya, in aka ɗauko ba daidai ba babu lokacin komawa. Ta miƙe ta fara naɗe zanen goyo.

"Ina za ki?" Gwaggo ta daka mata tsawa. "Ɗanyen jiki gare ki! Saura kwana bakwai ki yi arba'in ki ce za ki shiga mota ki sha iska? In sanyi ya kama ki, wa za a zaga in ba ni ba?"

"Gwaggo, in na zauna na cika arba'in lahiya lau, sannan na ɗauki ɗiyag ga na kai ta ɗakin da ruwa ke zuba kanta, mi na yi?" Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tsaya tana kallon ƙasa. "Ki gafarce ni. Ni dai zan tahi."

Gwaggo ta dube ta, ta dubi jinjirar. Ta yi tsaki mai tsawo, ta shige ɗaki. Da ta fito, mayafi ne a kafaɗarta, fulas ɗin kunu a hannu.

"Ke da taurin kai kamar ubanki. Kawo ta nan, ni zan riƙe ta. Kai kuma Labbo, ka rufe tagogin motag ga duka. In na ji iska ta shigo, sai ka sauke mu."

Haka suka kama hanya a motar da Labbo ya aro, tagogi a rufe, gumi na karyo wa kowa. Bushira ta zauna a baya kusa da Gwaggo, tana fifita wa Amira da murfin kwali, duk ramin da mota ta faɗa sai ta kai hannu ta tallafe mata kai. Suka wuce Maiyama. A bakin Jega suka tarar da cunkoson ranar kasuwa, shanu da motocin hatsi da 'yan kabu-kabu sun cushe hanya, sai da suka yi kusan rabin awa suna rarrafe. Sha ɗaya da rabi ta wuce kafin su isa Aliero.

Ɗakinta na nan yadda ta bar shi. Ta janyo akwatin daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, sai ƙamshi ya buge ta har sai da ta kau da kai. Ta ɗaga atamfofinta na aure ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasa, inda ta shimfiɗa takardun ta ɗora musu 'yar kwalbar turaren mai don ƙamshin ya kori ƙwari, kwalbar ta kife, murfin ya saki. Man ya bi ambulan ɗin da takardun ke ciki ya ratsa. Ta zaro takardun bana guda uku. Biyu lafiyarsu lau. Ta ukun, ita ce babbar, takardar shaidar biyan haraji, tabon mai ya kwanta mata kamar faɗin tafin hannu, daidai kan lamba da hatimi.

Ta ɗaga ta a hasken ƙofa. Wurin ya yi shara-shara, ya yi duhu, amma ana iya karanta lambar. Ta ce a ranta ai ido na gani. Ta haɗa har da ta bara, wadda ita ma man ya taɓa, ta sa a jaka, ba ta ce wa kowa komai ba.

Suka juyo Jega. Faks ɗaya ne aka sani a duk yankin, a shagon Malam Shamsuddeen da ke unguwar Jega Firchin, wani dattijo mai tabarau da ke buga wa mutane takardu. Shagon manne yake da gidansa. Na'urar na kan tebur a lulluɓe da ƙyalle mai ado, sai da ya yi bisimilla kafin ya yaye. Mutum uku daga cikin masu albasar sun riga su isowa, suna tsaye a baranda sun yi jugum.

Malam Shamsuddeen ya karɓi takardun, ya shinshina, ya ɗaga gira.

"Wagga takarda biki za ta ko ofis?"

Ba wanda ya yi dariya sai Gwaggo. Ya danna lambar da Labbo ya kawo a rubuce a bayan kwalin shayi. Na'urar ta yi ƙara kamar kukan tsuntsu, ta ja takardun ɗaya bayan ɗaya ta fitar ta ƙasa. Aka zauna jira. Ɗaya saura kwata wayar Labbo ta yi ƙara. Maccido ne, daga rumfar masu buga waya ta can. Labbo ya saurara, fuskarsa ta canja.

"Ya ce biyu sun hita. Ta ukun baƙi ƙirin ta iso, ba lamba ba hatimi. Ma'aikacin ya ce ba shi iya sa hannu ga abin da bai gani ba."

Malam Shamsuddeen ya sake sa takardar a na'ura, wannan karon ya ce ta fitar da kwafi a nan. Ta fitar. Inda tabon yake, kamar an shafa baƙin tukunya. Ya gwada a injin fotokwafi, ya rage duhu har ƙarshe, sauran rubutun ya dusashe, tabon na nan daram.

"Idon mutum na gani, na na'ura ba shi gani," ya ce. "Sai dai a tahi Birnin Kebbi a nemi wata. Yau kuwa Juma'a, kahin ku isa an watse."

Ɗaya daga cikin mutanen baranda ya leƙo. "Wa ke aje takardar gwamnati cikin turare, don Allah? Albasar mutum bakwai!"

"Ni ce," Bushira ta ce. Kunnuwanta suka yi zafi a ƙarƙashin audugar.

"Kai, rufe mana baki," Gwaggo ta juya kansa. "Da a hannunka take da tuni awaki sun cinye ta."

Aka kira salla. Mazan suka dubi juna, babu abin yi. Malam Shamsuddeen ya mayar da lulluɓin na'urarsa, ya ce matan su shiga cikin gida wurin iyalinsa su huta, in an sakko masallaci a san abin da za a gaya wa Maccido.

Matarsa Hafsatu tela ce, kekenta na ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta karɓi Amira tana yi mata wasa. Bushira ta zauna da takardar a cinya, ta kasa shan kunun da Gwaggo ta tsiyaya mata. Idonta ya sauka kan dutsen guga na gawayi da ke gefen keken, da wata shadda fara da aka baza kan tebur, an barbaɗe mata alli a wuri guda.

"Yaya Hafsatu, mi ya sami shaddag ga?"

"Man keke ya ɗiga mata. In alli ya kwana bisa, gobe in bi da guga, sai ya tsotse."

Bushira ta ƙura wa shaddar ido. Ita ma haka take cire man gyaɗa daga rigar Maccido. Ta dubi takardar, ta dubi dutsen gugar.

"A ba ni garwashi," ta ce. "Da farar takarda, ko nawa ke akwai."

"Ke, takarda ba tuhwa ba ce," in ji Gwaggo. "In kin ƙone ta fa?"

"Yadda take yanzu ma ba ta da amfani, Gwaggo. Amma ba da ita zan fara ba."

Allin Hafsatu ya ƙare, saura guntu mai launin shuɗi. Bushira ta zazzage jakar Amira, ta ɗauko gwangwanin hodar jinjira. Ta shimfiɗa takardar bara a kan tebur, ta barbaɗe tabon da hoda ciki da baya, ta sa ta tsakanin fararen takardu biyu da Hafsatu ta ɗebo daga shago. Ta ɗora dutsen. Ko ƙirga biyar ba ta yi ba ƙauri ya tashi. Ta ɗaga da sauri. Takardar bara ta yi ja kamar ƙosai, gefenta ya naɗe.

"Inna lillahi," in ji Hafsatu.

Amira ta tsala kuka. Bushira ta ajiye komai, ta karɓe ta, ta koma can nesa da hayaƙin ta ba ta nono. Agogon bango ya nuna biyu saura minti goma. Gwaggo na ta kai da kawo tana cewa a miƙo yarinyar a ci gaba da aiki, amma Bushira ba ta cire ta ba sai da ta ƙoshi ta saki da kanta. A zaman nan ne ta gama tunaninta.

Ta buɗe dutsen ta kwashe garwashin, ta bar ƙwaya uku kacal. Ta jira ya huce, tana kai shi kusa da cikin hannunta, yadda take gwada ruwan wankan Amira. Da ta ji ɗumin da fata za ta iya jurewa, sai ta gwada a sauran gefen takardar bara da bai ƙone ba. Ta danna a hankali, ta ɗaga. Farar takardar sama ta yi tabo, hodar ta dunƙule ta yi rawaya. Ta karkaɗe. Wurin ya yi haske.

"Ya tsotsa!" Hafsatu ta tafa hannu. "Wallahi ya tsotsa!"

Sannan Bushira ta yi bisimilla ta shimfiɗa ta bana. Aiki ya kankama. Ita ke guga, Hafsatu ke canja fararen takardu, Gwaggo kuwa, da Amira a bayanta, ta tsuguna tana hura garwashi tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. A barbaɗa, a rufe, a danna, a karkaɗe da gefen mayafi. Ba ta goga dutsen, don kada tawadar hatimin ta bi shi, ɗora shi kawai take ta ɗaga. Sau bakwai suka yi. A na takwas farar takardar ta fito ba tabo. Bushira ta ɗaga takardar harajin a rana. Sauran 'yar inuwa na nan, kamar inda aka taɓa zubar da shayi, amma ba ta shara-shara kuma, lambar ta fito raɗau, hatimin da zagayensa.

Biyu da rabi ta gota mazan suka dawo. Labbo ya shigo shago yana cewa ya yanke shawara a gaya wa Maccido ya nemi mai saye ko a wulaƙance ranar Talata, in an sami abin da ya rage. Bushira ta miƙa wa Malam Shamsuddeen takardar. Ya gyara tabarau, ya juya ta gaba da baya.

"Wata kunka samo?"

"Ita ce, Malam. A gwada kwafi tukuna kahin a tura."

Ya kai hannu zai danna, fanka ta tsaya. An ɗauke wuta.

Mutanen baranda uku suka yi kan janareta a tare. Wanda ya yi maganar turare ɗazu shi ya tuɓe babbar riga ya kama igiya, ya ja, ya ja, sai a ja na shida ta tashi. Na'urar ta yi ƙyafta ta farfaɗo. Kwafin ya fara fitowa sannu-sannu, kowa ya miƙa wuya. Wurin tabon ya fito da ɗan toka-toka, amma Bushira ta karanta lambar da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ba.

"Tura, Malam, tura!" in ji Labbo.

Layin can na cike. Aka sake, yana cike. Uku ta buga, uku da kwata ta wuce. Malam Shamsuddeen na danna lambar da yatsa ɗaya, ba ya gaggawa, har Gwaggo ta ce masa in haka yake cin tuwo to iyalinsa na da haƙuri. A bugu na tara na'urar ta yi kukan nan nata, ta kama bakin takardar ta fara ja. Bushira ta bi takardar da ido har sai da ta faɗo ta ƙasa, 'yar takardar da ke nuna an tura ta biyo baya.

"Ta isa," in ji Malam Shamsuddeen. "Saura su gani."

Ba wanda ya zauna. Labbo ya ɗora wayarsa a kan tebur, aka kewaye ta. Bushira ta karɓi Amira daga bayan Gwaggo ta rungume ta, tana jijjiga ta ko da yake barci take. Huɗu saura kwata. Huɗu saura goma. Wayar ta yi ƙara, Labbo ya fizge ta har ta kusa suɓuce masa.

"Na'am? Ɗaga murya, ban ji ba!" Ya toshe ɗaya kunnen. Sai ya daka tsalle, ƙato da shi, hularsa ta faɗi. "An buga hatimi! An saki mota!"

Ya miƙa wa Bushira wayar, wai Maccido na son magana da ita. Ta karɓa tana jin nauyin idon mutane, ta juya fuskarta bango. Ta cikin wayar tana jin rurin tirela da hayaniyar mutane da wani yare da ba ta sani ba.

"Bushira? Mun ɗaga tamfol, buhu huɗu kawai na baya sunka taɓu, sauran ƙalau. Ga mata 'yan kasuwa nan sun kewaye motar tun ba mu kai wurin saukewa ba. Labbo ya ce ke kinka yi aikin. Ina ɗiyata?"

"Tana nan, Malam, barci take," ta ce. "Ka sauke da wuri, ka baza ta sha iska."

Labbo ya riga ya fita tsakiyar titi yana shelanta wa duk wanda ya sani da wanda bai sani ba. Mutumin janareta ya tsaya bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Maijego, a yahe mini maganar ɗazu." Hafsatu ta leƙo ta ƙofar gida tana tambaya ko an dace. Gwaggo ba ta ba ta amsa da baki ba. Ta toshe hanci da yatsa ta rangaɗa guɗa a tsakiyar shagon Malam Shamsuddeen, har masu wucewa suka tsaya.

Amira ta zabura.

"Gwaggo, kunnenta!" Bushira ta ce, ta rufe wa jinjirar kunnuwa da tafin hannu, tana dariya hawaye na zuba. Gwaggo ta ja numfashi ta sake rangaɗa wata.